Ganyen da Aka Wanke Kawu da Shi

Kawu ya rasu da bazarar nan, bayan an sauko daga sallar asuba, a ɗakinsa nan Dakoro. Kafin rana ta yi zafi mun kai shi makwancinsa. Na Allah ne mu, kuma can za mu koma, da mai so da marar so. Wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage a ɗakinsu.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a inuwar iccen bedin ƙofar gida, mutane suna zuwa suna tafiya. Kowa ya zauna sai ya shafa fatiha ya ce, "Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki ne, ba ruwanshi." Na ji wannan magana har ta ishe ni. Wa ya ce Kawu ba ruwansa? Kawu da ruwansa da kowa. In ya ga ka sare reshe ba daidai ba, ko a gonar ubanka ce, sai ya tsaya ya jingina da sandarsa ya tambaye ka abin da iccen ya yi maka. Amma haka ake yi wa mamaci. A wanke shi, a wanke halinsa, har ya zama ba kowa ba.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya yi kama da Kawu. Maƙwabcinsa ne na garka, wani tsoho mai noman tumatir a bakin tabki. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Mai ɗaurin aure ya tahi. Aure nawa ya ɗaura garin ga, ba wanda ya san iyaka."

Akwai wani baƙo daga Birnin Lalle da ya biyo wani suruki ta'aziyya. Ya gyara zama ya ce, "Ashe marigayin liman ne?"

"Ina hwa liman," in ji mai tumatir. "Ko sadaki ba ya tambaya. Ango ma ba ya shawara da shi, sare mishi kai yake yi tukuna."

Baƙo ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya fara laluben takalmansa. Sai da wani ya ji tausayinsa ya ce masa icce ake nufi, auren icce. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa irin ta wurin makoki, kowa yana rufe baki.

Ni ban yi dariya ba. Tun la'asar ɗin ranar jana'iza na shiga garka ban ruwa, na ga abin da aka yi. Reshe ɗaya tak ya rage na duk aikin da Kawu ya yi a duniya, kuma an sare shi ranar da ya mutu.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi lakwal, wato boko, har ajin sartifika, na faɗi, ban koma ba. Na je Libiya na dawo da ciwon baya. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara, amma kada ya taɓa maganar. Ina rubutawa ne don kada a wayi gari abin da aka sani na Kawu shi ne "ba ruwanshi".

Ga abin da ake nufi da auren icce, don na san akwai irin baƙon nan da yawa. Magaryarmu ta daji kowa ya san ta: ƙaya kamar ƙugiya, ɗiya ƙanana kamar kashin akuya, rabi ƙwallo rabi ɓawo. Amma ba ta mutuwa. Ko shekarar da sama ta hana ruwa tana nan, don saiwarta ta san inda ruwa yake a ƙasa. To akwai wata magarya ta baƙunta, mai faɗin ganye, ƙayarta kaɗan, ɗiyanta sun kusa ƙwan zabuwa, da ruwa da zaƙi. Ita kuma ba ta iya zaman ƙasarmu da ƙafarta. Sai a sare kan tamu ta daji, a tsaga, a feƙe guntun reshen baƙuwar a cusa a ciki, a ɗaure. In Allah ya yarda su haɗe su zama icce guda, ƙasa tamu, sama baƙuwa. Kawu yana kiran ta ƙasa ango, ta sama amarya.

Ba gadonsa ba ne. Wani furoje ne, irin na masu aikin raya karkara, ya zo shekarun baya da wani malamin gona, matashi, ya tara dattawa a bakin tabki ya nuna musu. Mafi yawansu don shinkafar rana suka je. Kawu ya je ya tsuguna kusa da hannun malamin har aka tashi, ya koma gida da ƴan rassa a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Har ya mutu bai taɓa cewa shi ya ƙago ba. "Mushe ya ce a yi kaza," haka yake faɗa, don da sunan Faransanci yake kiran malamin, alhali furojen ya daɗe da kwashe kayansa, Mushen kuwa ba mu sake jin labarinsa ba.

Abu ɗaya ne bai karɓa daga wurinsu ba, suna. Su suna ce mata tuffar Sahel, har da faɗa da Faransanci. Kawu ya ce ba tuffa ba ce. In mutum ya yi masa gardama sai ya tsinko ganye biyu, na daji da na amarya, ya kifa su a tafin hannu. "Dubi bayansu. Ba fari-fari ba ne duka? Dubi jijiya, uku nan, uku nan, daga gindi suka taso. Magarya ce. Ta ci ta ƙoshi ne kawai." Yana son sanin sunan icce a bakin kowa. Ranar kasuwa in ya kama Bafulatani ko Buzu a rumfar shayi sai ya ciro ganye daga aljihu ya ce, "Ku mi kuke ce ma wanga?" A wurinsa na ji Fulani suna ce wa magarya jaaɓi. Amma in ka tambaye shi sunan jikokinsa sai ya yi ta lalube.

Ya taɓa gwada ɗora amarya a kan aduwa, don na tsokane shi na ce in ya isa ya yi. Ta bushe. Bai ji kunya ba, ya ce dama ya sani, so yake in gani da idona. Icce ba ya karɓar wanda ba danginsa ba, in ji shi. Kurna tana iya karɓa, don ita da magarya kamar ni da ɗansa ne, taubasai.

Yana da aska a cikin kube na fata wadda ba ta yanka komi sai icce. Ko goro ba ya fasawa da ita. In yana feƙe reshe ba ya amsa sallama, ko wane ne, sai ya gama ɗauri ya ɗago ya ce "wa alaikumus salam" kamar yanzu ka iso. Ranar kasuwa kuma, in an watse, sai ka gan shi yana bin rumfuna yana tsintar leda mai tsabta, wadda ake yankawa siri-siri a yi ɗauri da ita. Wasu sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Bai taɓa tsayawa yi wa kowa bayani ba.

Lokacin da na dawo daga Libiya ba ni da komi, matata kuma ta koma gidansu da yara, kowa a dangi yana da tambaya. Me ka samo, me ya faru, yanzu sai yaya. Kawu bai tambaye ni ko ɗaya ba. Ya zo ya same ni kwance da hantsi, ya ajiye bido biyu na ɗiban ruwa a bakin ƙofa ya ce, "Tabki ya ja baya, ni kuma gwiwa ta ƙi." Ya juya ya tafi. Haka na shiga garka, kuma ban fita ba har yau.

Ya so ya koya mini auren. Na san komi da ka. A zaɓi ango mai kaurin babban yatsa. A feƙe amarya gefe biyu, kowane gefe ja ɗaya, kada a yi ta sassaƙa. Kada yatsa ya taɓa wurin yankan. A haɗa ɓawo da ɓawo, don a ƙarƙashin ɓawon nan akwai wata koriyar fata siririya, ta nan ruwan icce yake bi, in ba su sadu ba aikin banza ne. A naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama, kada iska ta shiga. Duk na sani. Amma ban taɓa ɗaura wanda ya kama ba.

"Hannunka na gatari ne," in ji Kawu wata rana, yana duba wani da na yi. "Kana yanka kamar kana jin haushin iccen."

Na ce, "Ni haushin komi nake ji."

"To ba shi ya kada kai sartifika ba. Sake."

Na sake. Ya bushe. Daga baya ya bar ni da ɗiban ruwa da shingen ƙaya, ya ce kowa da abin da hannunsa ya iya. Na ji zafin maganar, kuma gaskiya ce, shi ya sa na ji zafinta.

Faɗansa da mai tumatir a kan ƙwallo ne. Kawu ya ba shi ɗiyan amarya ya ci, ya ji zaƙi, ya ɓoye ƙwallayen ya shuka a garkarsa bai gaya wa kowa ba. Ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru. Da iccen ya girma sai ga ƙaya, sai ga ɗiya ƙanana irin na daji. Ya tsallako shinge yana huci, ya ce Kawu ya yi wa ƙwallayen asiri don kada kowa ya samu irin.

"Da ka tambaye ni da na hutar da kai," in ji Kawu. "Ƙwallo ba ya maido ta. Komawa yake wajen kakanninshi. Sai da reshe."

"Ƙarya kake, baƙin ciki ne!"

"To, baƙin ciki ne. Hita mini daga kan yakuwa."

Suka daina gaisawa, har a masallaci kowa ya canza sahu. Da bazara ta zagayo, wata safiya mai tumatir ya tarar an sare kan magaryar tasa, an ɗaura mata aure, leda tana ƙyalli. Ya san aikin Kawu ne. Ta kama, ta yi masa ɗiya. Sai dai Kawu ya gargaɗe shi ta bakina: ango ba ya daina fitar da toho daga ƙasan ɗaurin, kuma tohon nan ya fi amarya ƙarfi. Dole a riƙa tsinke shi kullum. Mai tumatir ya ga icce yana cika da ganye ya ji daɗi ya bar shi. Kafin shekara biyu ango ya shanye ruwan duka, amarya ta bushe a tsakiyar ƙaya. Ranar Kawu ya zage shi zagin da ban taɓa jin ya yi wa mutum ba. Daga nan suka shirya.

Mahaifiyata ta yi doguwar jinya kafin ta rasu, har abinci ya daina shiga. Lokacin ɗari ne, amarya ta nuna. Kawu yakan zo da hantsi da guda biyu ko uku a aljihu, ya zauna bakin gado ya fere ɓawon, ya yanka ƙanana ya ba ta a baki. Ranar farko ta tauna ta tauna ta ce, "Yaya, mi ne wanga?"

"Magarya."

"Wagga ba magarya ba ce, maƙaryaciya ce."

Ya yi dariya har da tari. Ita ce abin ƙarshe da ta iya ci a duniya.

Akwai lokacin da garkar nan take da amare jere, mutane suna leƙe ta kan shinge. Ba su daɗe ba. Wata shekarar fari raƙuma suka fasa shingen suka cinye rabi har ƙasan ɗauri. Gara ta ci wasu. Waɗanda ya ɗaura a bakin hanyar Bader Goula, don matafiya su samu na tsinka, awaki ba su bar ko ɗaya ba. Aka zo aka rage da uwa ɗaya, tsohuwa, ita ma tsutsa ta shiga cikinta. Bara da bazara ya yanko ɗan reshe daga jikinta kafin ta ƙarasa, ya ɗaura a kan wata ƙaramar magarya kusa da rijiya. Uwar ta mutu. Ɗan reshen ya kama, ya yi tsawo ya wuce kamu biyu. Shi kaɗai ke nan. Niyyarsa bana ya yayyanka daga jikinsa ya yawaita. Yana kwance yana cewa, "In na tashi, akwai anguna biyar da na zaɓa." Bai tashi ba.

Ɗansa na fari, taubashina, yana Agadas yana gyaran salula. Ya zo da jin ciwon ya tsananta, a hannunsa Kawu ya cika. Ni ina maƙabarta wajen gina lokacin da ake shirin wanka, ban san abin da ake ciki a gida ba. Da la'asar na ɗauki bido na shiga garka, na tarar da kututture kusa da rijiya, sara ɗaya na adda, can ƙasa da ƙullin ɗaurin. Ko ido ɗaya na amarya, inda toho zai fito, ba a bari ba. Na tsaya ban san tsawon lokacin ba. Na zuba wa kututturen ruwa, don ban san me zan yi da ruwan ba.

To bayan dariyar baƙon Birnin Lalle, da mutane suka ɗan ragu, na ja taubashina bayan gida wajen turken awaki.

Na ce, "Wa ya kawo ganyen wanka jiya?"

"Ni ne. Mi ya faru?"

"Daga ina?"

"Garka mana. Liman ya ce a kawo ganyen magarya a sa cikin ruwa. Na shiga, duk wadda na kai ma hannu sai ta soke ni. Sai na ga reshe guda kusa da rijiya, ganye manya, lafiyayyu, ba ƙaya. Na ce Baba ai mai kyau ya kamace shi."

"Ka san abin da ka sare?"

Ya dube ni da jajayen idanu. "Icce na sare, ɗan mace. Ubana ya mutu jiya, kai kana tsare ni da maganar icce."

Na gaya masa. Na ga fuskarsa ta canza, amma bakinsa bai yarda ba. Ya ce, "To ai ana saida irinta Maradi. In zan koma in aiko maka goma."

Na ce, "In ka je ka tambaya ko ana saida uba, ka sayo shi ma."

Tsakanina da shi ba abin da ba ma faɗa wa juna tun muna yara, hakkin taubasantaka ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace. Amma wannan ba wasa ba ne, shi ma ya san ba wasa ba ne. Ya juya ya koma kan tabarma. Na san ana samunta a Maradi, ba mahaukaci ba ne ni. Amma ta Maradi ba ita ce wadda Kawu ya ɗauko a tsumma ya yi ta ɗorawa daga icce zuwa icce har tsufansa ba. Ba ita mahaifiyata ta ci ba.

Ban daɗe ba aka ce Inna tana kirana, matar Kawu. Tana ɗaki cikin takaba, mata sun ɗan fita. Na tsuguna a bakin ƙofa, asabari tsakaninmu.

"Na ji abin da ka hwaɗa ma ɗan'uwanka," in ji ta. "Katangar ba ta da kauri."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Je ka rumfa, ka duba ƙarƙashin randa. Ka tona a hankali, ba da hannun nan naka na kullum ba."

Na je na ɗaga randar, na tona yashin da ke jiƙe a ƙasanta. Sai ga tsumma a naɗe. A ciki reshen ne, an karya shi biyu don ya shiga, babu ganye ko ɗaya, amma idanunsa duk suna nan, ɓawon bai yanƙwane ba. Na kankare ɗan wuri da farce. Kore shar.

Na koma bakin ƙofa da shi a hannu.

"Ni aka kawo ma shi in tsinke ganyen a daka," in ji Inna. "Ina gani na gane ta. Shekara nawa ina yanka mishi leda? Amma gawa tana jira, yaro kuma ya kawo da zuciya ɗaya. In ce mi? Na tsinke ganyen ɗaya-ɗaya yadda yake yi, ban taɓa idon ba. Da ita aka wanke shi. Ban ga asara nan ba."

"Inna, ni ban taɓa ɗaura wanda ya kama ba."

"Na sani. Ya sha hwaɗa mini. To wa zan aika, ni da ba ni hita? Gobe da sassafe, kafin iska ta tashi. Ka tahi da ɗan'uwanka."

"Ana zaman makoki. Mutane za su ce mi?"

"Su ce. Masu gaisuwa za su dawo, reshe ba ya dawowa."

Ta turo kuben askar ta ƙarƙashin asabari.

Da gari ya waye muka tafi, ni a gaba shi a baya. Na san angunan da Kawu ya zaɓa, don ya ɗaura wa kowanne ƙyalle. Reshen ya ba da guntaye biyar, kowanne da ido biyu ko uku. Na yi bisimilla na sare kan na farko, na tsaga, na feƙe amarya. Ja ɗaya ya kamata, sai da na yi uku. Taubashina yana tsaye da ledar a hannu kamar mai riƙe wa likita kaya. Na yi na biyu, na uku, na huɗu. Gumi yana shiga mini ido tun rana ba ta fito sosai ba.

Da na ɗauki na ƙarshe sai ya ce, "Bar mini wanga."

"Ka taɓa yi?"

"Na ga ka yi huɗu. Ni na sare ta, bar ni in ɗaura ɗaya."

Guntun da ya rage shi ne na can ƙarshen reshe, siriri, wanda ban sa rai da shi ba. Na miƙa masa da askar. Ya tsuguna ya daɗe yana juya shi a gaban idonsa, ya riƙe askar can kusa da baki da yatsu uku, yadda yake riƙe ƙananan ƙarafunan aikinsa. Ya ja sau ɗaya. Ya juya, ya ja sau ɗaya.

"Farin ciki zan haɗa da farin ciki, ko mi?"

"Kore da kore. Ɓawo da ɓawo, ko gefe guda ne."

Ya cusa, ya zaro, ya sake cusawa, ya kara kunne kusa kamar zai ji wani abu. Sannan ya naɗe ledar, kowane zagaye yana hawa rabin na ƙasansa. Da ya gama bai tashi ba. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Na juya na shiga gyaran shinge.

A hanyar komawa na ce, "Maganar jiya..."

"Riƙe bidonka, ɗan mace," in ji shi. "Yana zuba."

Bayan sadakar bakwai ya koma Agadas. Aka bar ni da zafin bazara da sanduna biyar a naɗe da leda. Kullum da safe in zuba ruwa a gindi, in tsinke tohon da ango ya fitar, in duba. In na dawo sai in tsaya bakin ƙofar Inna in ce, "Ba labari." Ta ce, "To."

Na farkon da na ɗaura shi ya fara baƙi daga sama. Na kankare, busasshe. Na biyu ya bi shi. Na uku ya kumbura ido har na fara murna, iska mai zafi ta yini biyu tana busawa, ya ƙone. Na huɗu ban ma san lokacin da ya mutu ba, na taɓa shi ne kawai ya karye. Na daina tsayawa ƙofar Inna. Ita ma ba ta aika a kira ni ba.

Na biyar bai yi baƙi ba, bai kuma yi komi ba. Yana nan kamar tsinke. Na riƙa zuba masa ruwa don dai Kawu ba ya barin icce sai ya tabbata. Ran nan, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma bai zubar ba, na durƙusa zan tsinke tohon ango, sai na ga wani a sama da ledar. Na ɗauka idona ne. Na bi shi da yatsa daga ƙasa, na wuce ɗaurin. A jikin amarya yake. Ganye biyu, ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba, da ɗan gashi fari a bayansu.

Na je ƙofar Inna na tsuguna. Na ce, "Ɗaya ta kama."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ta wa?"

"Ta ɗanki."

"To kira shi ka gaya mishi. Da bakinka."

Na yini ban kira ba. Shekaru ina ɗiban ruwa a garkar nan, bayana ya ƙare a cikinta, mutum ya zo daga Agadas ya riƙe aska sau ɗaya. Ban ga adalci a ciki ba, har yanzu ban gani ba. Amma ba a tambaye ni ba. Da la'asar na kira.

"Lafiya?" in ji shi. Ina jin ƙarar kasuwa a bayansa.

"Ta yi toho."

"Wacce?"

"Taka."

Sai na ji ya fashe da dariya, irin wadda ban ji a bakinsa ba tun zuwansa jinya, dariyar tana karyewa tana komawa wani abu. Da ya samu numfashi ya ce, "Naka huɗun hwa?"

"Sun bi Kawu."

"Don Allah, ɗan mace, kada ka taɓa ta da hannun nan naka."

"In ban taɓa ta ba wa zai taɓa ta? Kai da ke Agadas?"

"In ta yi reshe, baɗi da bazara, kada ka yanka. Ka jira ni."

Na ce zan gani.

Yanzu ruwa ya sauka, ta kai tsawon hannu, na kwance ledar na kafa mata sanda don iska. Na kewaye ta da ƙaya riɓi biyu. Ango yana nan yana fitar da tohonsa ba ya gajiya, ni ma ina nan ina tsinkewa. Wannan dai hannuna ya iya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa da namu, ya sanyaya masa ƙasa, ya ba shi inuwa wadda raƙumi ba ya kaiwa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa fatiha. Wanda kuma yake da akuya a unguwar bakin tabki, ya ɗaure ta.